Hannuna a Jakar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da mutanen Manchester za su yi mini karamci su manta, da ranar da aka iske ni da hannu tsundum cikin jakar wata dattijuwa, alhali ina da shekara hamsin a duniya, da furfura a gemu, da takardun digiri a jikin bango. Kafin mai karatu ya yanke mini hukunci, ya kamata ya san abin da na shiga nema.

Ni akanta ne, ina zaune da iyalina a Handsworth, cikin Birmingham. Ba na kallon ƙwallo, ba na zaman majalisa sai ta kama. Abu guda ne ya samu lagona, wato tara wasu 'yan battoci na Turawan da, waɗanda kowace ba ta wuce ƙwan zabo ba. Da tagulla ake ƙera su, a lulluɓe da narkakken gilashi mai launi irin na langar iyayenmu, a manna ɗan madubi a cikin marfin. Fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, matan masu hali na ƙasar nan a cikinsu suke ajiye 'yan ɗigon baƙin yadi da suke liƙawa a fuska, wasu don ado, kamar yadda 'yan matan ƙauyenmu suke ɗiga katambiri a kumatu, wasu don ɓoye tabon agana. A taƙaice dai, kayan kwalliyar mata nake tarawa. (Idan 'yan'uwa maza suka tambaya, cewa nake ina nazarin tarihin masana'antu. Na sha tambayar kaina abin da mahaifina, wanda ya rayu ya mutu yana sayar da hatsi, zai ce game da wannan nazari.)

Kula da su kuwa sai mai haƙuri. Ba sa son ruwa, ba sa son rana, ba a wangale marfin har ƙarshe, kuma ba a taɓa su da hannu tsirara, domin gumi yana cin ƙarfen. Saboda haka kullum akwai farar safar hannu ta auduga a aljihuna. Maiɗakina Hadiza takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Yusra, da rabin kulawar nan kake ba hitar ɗumama gidan nan, da ba mu kwana da rigar sanyi ba."

Wata Asabar abokina Dokta Bashir, wanda yake aikin likita a Manchester, ya biyo da mahaifiyarsa, Hajiya Mairo, wadda ta zo daga Gusau don jiran haihuwar matarsa. Bayan an ci an sha, son a sani ya ɗebe ni, na buɗe kabad ɗin gilashin da nake ajiye battocin ina ta zuba bayani. Ban ankara ba Hajiya ta miƙa hannu, hannun da bai daɗe da barin dambun nama ba, ta ɗauko shuɗiyar, wadda duk ta fi tsufa, wadda na yi shekaru ina farauta.

"Tubarkalla. Wannan 'yar batta da kyau take," in ji ta. "Ji, har da madubi."

Na yi murmushin yaƙe. Ta juya ta, ta sake yabawa. Aka yi shiru irin wanda duk Bahaushe ya san ma'anarsa. Sai na ji bakina, ba tare da ya shawarce ni ba, ya ce, "Ai taki ce, Hajiya."

A nan ya kamata in yi wa kaina adalci. Mu da muka daɗe a ƙasar nan mun mayar da tayi abin ado: kai ka yi, wancan ya ce haba haba, kowa ya tashi da mutuncinsa da kayansa. Na manta cewa Hajiya daga inda magana take da nauyinta ta fito.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta ce, ta jefa ta cikin jaka, na ji ƙarar haɗuwarta da makullai.

"Hajiya, antique ce fa, tsohon kayan tarihi," in ji Dokta.

"Kai ka ba ni? To ina ruwanka?"

Na yi niyyar haƙura, Allah ne shaida. Amma bayan an haihu, Hadiza tana waya da maijego ta bidiyo, sai ga Hajiya ta leƙo da battar a hannu. "Gaya wa maigidan na wanke ta tas da sabulu, na zuba tozalina. Baƙin nan na bakin marfin ne ya ƙi fita, amma bari a gama hidimar suna, zan sa masa lemon tsami da soson ƙarfe."

Soson ƙarfe! Abin da ya tsallake yaƙe-yaƙen Turawa duka zai ƙare a wurin wanke-wanke. Mai hankali da sai ya je ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Amma da wane baki zan ce wa uwar abokina ta dawo mini da kyauta? Maimakon haka sai na nemo sabuwar batta shuɗiya, irin kwaikwayon da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, na ƙudurta zan musanya su a ɓoye ranar suna. Har hujjoji na tsara wa kaina: ita za ta samu mai ƙwari, tarihi zai tsira, babu wanda aka zalunta. (Ilimi yana da wannan amfani, yakan samar wa wauta kalmomi masu kyau.)

Ranar suna gidan Dokta ya cika. Maza muna falo ana ta musu kan harajin council, wato ƙaramar hukuma, mata suna sama da kicin. Bayan azahar rana ta leƙo, abin da ba kullum ake samu a Manchester ba, sai mata suka ɗunguma bayan gida ɗaukar hoto. Na ce zan hau sama in sabunta alwala. Ɗakin baƙi a buɗe yake, jakunkunan mata jibge a kan gado, ga ta Hajiya nan baƙa mai zip.

Da na zura hannu kawai, da kafin ƙiftawar ido an wuce wurin. Amma na tsaya, ni da nake aikin da bai kamata a tsaya ba, na zaro farar safata na sa, yatsa bayan yatsa, domin ba a taɓa batta da hannu tsirara. Na riƙe sabuwar a hagu, na cusa dama cikin jaka, na laluba tsakanin carbi da goro har na ji ta. Da na zo fitarwa, zip ya cafke zaren safar. Ina cikin kokawa da shi na ji ruwan sama ya kece, sannan na ji takun ƙafafu da shewa a kan matakala.

Ƙofa ta buɗe. Hajiya ce a gaba, Hadiza a bayanta, sai mata kamar an yi gayya.

"Innalillahi!" in ji wata. "Har da gloves?"

"Wannan ai professional ne," in ji wata daga baya, aka ƙyalƙyale da dariyar da ake ƙoƙarin dannewa.

Hadiza ba ta ce komai ba sai, "Baban Yusra." A tsawon zamanmu ban taɓa jin sunan nan ya yi nauyi haka ba. Na buɗe baki in yi bayanin illar lemon tsami ga tagulla, Allah ya taimake ni muryar ta ƙi fita.

Hajiya ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, ta daɗe tana duba fuskata. Sannan ta juya ga matan.

"Ku rufe mana baki, marasa ta ido. Ba ku ga abin da ke hannunsa ba? 'Yar'uwarta ya kawo mini, kunya ta hana shi miƙowa a gaban jama'a. Ko ba haka ba ne, ɗan nan?"

"Haka ne, Hajiya," in ji ni.

Ta matso, ta karɓi sabuwar, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji: "Saki wadda ka kama, ka zare hannun a hankali. Zip ɗin yana cizo."

Na saki. Ta fito da tsohuwar da kanta, ta jera su a tafin hannu, mata suka yi caa a kansu. "Sabuwar ma ta fi sheƙi," ta ce. "Tozali zai koma cikinta, tsohuwar kuma in zuba man zafi. Ai yaron nan akwai hannun kyauta. Kabad guda gare shi cike da su a Birmingham, kana yabawa zai ce taka ce."

"Ashe muna da ziyara," in ji mai maganar gloves.

A hanyar komawa, muna barin gari Hadiza ta fashe da dariyar da ta sa dole na rage gudu. Da ta samu numfashi ta ce, "Garin neman gira ka rasa ido, ka kuma samu lambar yabo."

Har yau ban san ko rufa mini asiri Hajiya ta yi ba ko hukunta ni, kuma na fi zaton duka biyun ne. Abin da na koya dai shi ne, abin da zuciya ba ta sallama ba, kada baki ya yi masa rakiya. Matan kuwa sun cika alkawari, sun zo ziyara rukuni-rukuni. Kafin isowarsu na kwashe battocin na kai rufin ɗaki, na jera littattafan dokar haraji a kabad ɗin. Na tsaya a gefensa da zuciya ɗaya, a shirye nake in ce wa duk wadda ta yaba, ai naki ne. Babu wadda ta yaba.