Addu'ar Yaya Delu da ƴar mai lamba tara

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da matan Droum, ƙauyen su maigidana, suka zo mini gaisuwa ba, ina cikin takaba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Maigidana malamin wasanni ne a wata lakwal, wato makarantar boko, ta ƴan mata a nan Zinder. Kowa Mushe yake ce masa, wato Malam da Faransanci, har ni. Mutum ne mai son balo, wato ƙwallon ƙafa, musamman ta mata. In ana gasarsu sai ya jawo kujera gaban tele yana yi wa ƴan wasa faɗa kamar suna jin sa. Ni kuwa dariya nake masa. Ina ce masa, "Mushe, yaran nan ko sunanka ba su sani ba." Sai ya ce, "Zauna dai ki gani." Ban taɓa zama ba. Kullum ina da wanke-wanke.

Ya rasu da damina, ana saura kaɗan a fara kofin duniya na mata, wanda ya daɗe yana jira. Ƙasarmu ba ta je ba, amma ya riga ya zaɓi ƴan maƙwabta, masu koriyar riga. Da aka fara, sai na riƙa kunna tele da safe, in kashe murya (ƙasar da ake wasan da nisa, safiyarmu ce yammarsu). Ba wasan nake ganewa ba. In na zauna kusa da kujerarsa ne nake jin kamar yanzu zai yi magana.

Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada danginsa su ce ban yi baƙin cikinsa ba. Ba mu haihu ba, su kaɗai suka rage mini daga gare shi.

Ranar, sai ga sallamar yayarsa, Yaya Delu, da tsofaffi uku daga ƙauye. Ban samu na kashe tele ba. Suka zauna a tabarma suna kallona, tele tana bayansu (na gode wa Allah a raina, da wuri na gode). Aka gaisa, aka yi ya haƙuri. Yaya Delu ta ɗaga hannu, muka ɗaga.

"Allah ya haskaka kabarinsa."

"Amin."

Ta saman kafaɗarta na hango mai lamba tara ta samu balo, daga ita sai mai tsaron gida.

"Allah ya sa can ta fi masa nan."

"Amin."

Yarinyar ta tsaya tana juya ƙafa.

"Allah ya ba matarsa dangana."

Na ce, "Ke, buga mana, uwar wa kike jira?"

Da ƙarfi na faɗa, hannuwana a sama. Tsofaffin suka juya gaba ɗaya, suka ga ƴan mata da gajeren wando suna gudu. Ɗaya ta ja mayafi ta rufe baki. Na sunkuyar da kai, na so a ce kuran ya ɗauke tele ta mutu, amma ranar ya ƙi.

Yaya Delu ta daɗe tana kallon tele. Sannan ta ce, "Amarya, wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Yaya, ku yi mini aikin gafara."

"Ba shi na tambaye ki ba. Maganarsa ce. Tun yana yaro haka yake ce mana a gona in mun tsaya da shuka." Ta share ido da bakin zane. "To, ta buga?"

"Ta zubar."

"Ai ya yi gaskiya." Ta gyara zama ta fuskanci tele. "Ƙaro mana murya. Addu'ar ba ta gudu."

Tsofaffin dai sun kai labari Droum, na sani, don har yanzu in na je suna tambayata ya ƴan wasana. Abin da na koya shi ne, in ana addu'a in rufe idona, ko da kuwa bugun kusurwa aka ba ƴan wasanmu.