Gwabzawar Malam Nomau da Na'urar Dangwale

Da sunan wanda ya halicci yatsu goma, ya ba kowanne nasa zanen. Bayan haka, wannan tarihin Malam Nomau ne, ɗan Jatau masinja wanda ya shekara ashirin yana kai wasiƙu a kan keke marar birki, ɗan Makau mai kaɗa ƙararrawar tashi daga aiki a zamanin En'e, ɗan Barmo wanda ba a san sana'arsa ba amma an tabbatar yana zuwa da wuri. Nomau akawun rajista, sadaukin durowa ta uku, garkuwar fayiloli, ma'abocin haƙuri da alkunya, wanda daraktoci goma sha ɗaya suka hau kujera suka sauka yana nan zaune bakin taga! Shekara talatin da huɗu ya yi a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, kuma ba a taɓa saka takardar tuhuma ko guda a fayil ɗinsa ba. Saura wata uku ya yi ritaya da wannan farin fayil, sai ga Darakta na goma sha biyu.

Shi wannan Darakta, Alhaji Mairiga, a cikin kwali ya zo da sauyi. Ya sa aka ɗauke tsohon littafin sa hannu, aka manna wata 'yar na'ura a bango, ba ta fi tafin hannu ba, wadda kowa zai dangwala wa yatsa kafin ƙarfe takwas. In ta yi kore, ka zo aiki. In ta yi ja, ba ka zo ba, ko da kuwa kana tsaye gabanta da hularka. Sannan ya yi shela cewa duk wanda ba ta gani ba kwana goma, takardar tuhuma ce rabonsa.

To, a nan ne halin kowa ya fito fili. Sallau direba, mai son duk abin da ya zo sabo, sau huɗu yake dangwala mata a yini, har da na ban kwana. Hajiya Gambo mai buga takardu kuwa, wadda fushinta ke riga ta shiga ɗaki, na'urar ta ƙi yatsanta saboda lalle, sai ta saki wata irin tsawa da ta tashi tantabarun rufi, Cima mai kula da kwamfuta ta rugo ba takalmi, minti biyar aka gama da matsalarta.

Amma gwarzonmu, kaico! Babban yatsansa na dama, wanda ya shafe zamani yana lasa yana buɗe shafi, ya buɗe na fansho, ya buɗe na hutu, ya buɗe na waɗanda suka rasu ba a sanar ba, zanensa ya goge ƙwal kamar sabulun da ya kusa ƙarewa. Ran rajista da ƙyar na'urar ta karɓe shi. Washegari ta dube shi ta yi ja.

Da wani ne, da ya yi magana. Malam Nomau kuwa ya gwammace ƙasa ta tsage da ya tashi mutum daga kujera saboda shi. Da Cima ta wuce ta ce, "Baba, ya na'urar?" sai ya ce, "Alhamdulillahi."

Daga nan aka ɗaura yaƙi a asirce. Kullum yana sallame asuba sai ya nufi fagen fama kafin kowa, aljihunsa cike da makamai. Ya kai farmaki da man kaɗanya, ja. Ya sake shiri ya dawo da toka, ja. Ya jiƙa mayaƙin nasa a ruwan ɗumi har ya yamutse, ya goga masa lemon tsami, ya hura masa iska, ya murza shi a gefen hula, ya ja da baya taku uku ya yi kururuwar da ba ta wuce haƙoransa ba:

"Yau dai ko ni ko ke, in ba damuwa!"

Ja.

An ce ranar ta bakwai sau arba'in ya dangwala, amma ina tsoron ƙari, mu bar shi a talatin da ɗoriya. Ranar ta tara ya jingine makami ya nemi sulhu: ya zo da babbar riga, ya yi mata sallama, ya tambayi gajiya. Wallahi ba ta ko bari ya ƙarasa ba.

Aka wayi gari ran goma, ranar hisabi, wadda in rana ta ɗaga a cikinta tawada za ta sauka a kan farin fayil. Allah ya nufa Hajiya Gambo ta yi sammako, ta tarar da sadaukin durƙushe gaban bango, yatsa ya kumbura yana ƙyalli da mai.

"Malam Nomau! Me zan gani haka? Tun yaushe?"

"A'a Hajiya, ba komai. Kwana tara ne kawai."

"Kawai! Cima! Ke Cima!"

Rundunar sakatariya ta taru, masu shara da masu gadi da Sallau yana leƙe. Cima ta kama yatsan ta juya shi, ta ce, "Baba, wannan ai ya riga ka ritaya. Kawo na hagu in yi masa rajista. Kwana taran zan gyara, amma fa sai in ta gan ka yau da kanta."

Malam Nomau, wanda bai taɓa miƙa wa ko akuya abu da hagu ba, ya ɓoye hannun a bayansa.

"Hagu? Ga kayan hukuma? 'Yata, ba haka aka rene ni ba."

"Malam, roba ce fa da waya!" in ji Hajiya Gambo. "Ba surukarka ba ce!"

Saura minti biyu takwas ta cika. Aka jiyo motar Darakta a bakin ƙofa. A wannan daƙiƙa mai girgiza zukata, tarbiyyar iyaye da kakanni uku ta yi karo da hidimar shekara talatin da huɗu a cikin ƙirji guda, gumi ya keto daga ƙarƙashin hula, kuma jikan Makau ya zaro hannun hagu sannu a hankali kamar mai zare takobin da aka yi rantsuwa ba za a zare ba, ya tallafe shi da na dama don ladabi, ya rusuna, ya ce:

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da hagu."

Cima ta danna wani abu. Ya ɗora sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Kore!

Gwarzon ya juyo da ƙwalla a ido, ya buɗe baki zai yi wa rundunarsa jawabin nasara.

"To matsa mana, Malam," in ji Hajiya Gambo. "Mutane na bayanka."

Ya matsa.