Farfesan Minti Biyar

“Duk fim ɗin da bai bi ta hannuna ba, ba a yi shi ba tukuna.”

Da wannan maganar maƙwabcina yake buɗe baki kullum, tun kafin ya buɗe shago. Farfesa muke ce masa a layinmu. Kada ka tambaye ni jami'ar da ta ba shi, shi ya ba kansa, mu kuma muka karɓa don a zauna lafiya. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ba da hayar kaset ɗin bidiyo, ni kuma ina gyaran rediyo da talabijin a shagon da ke manne da nasa. Bango ɗaya ya raba mu, bangon ma na katako, saboda haka abin da zan gaya maka ba a bakin wani na ji ba.

Abokina, bawan Allahn nan bai taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba. Ko tsakiya bai taɓa leƙawa ba. Idan sabon kaset ya zo, sai ya zura shi a inji, ya tsaya minti biyar ya ga hoto ba ya rawa, murya tana fita, sai ya zare, ya sa shi a farin kwali, ya rubuta suna da biro, ya jera a kanta. Shi ke nan, an kalla. Sauran awa biyun daga kansa yake ƙarasawa. Da yake kuma Allah ya ba shi baki, ga tumbi, ga tabarau a ƙarshen hanci, ba wanda ya taɓa tsayawa musu da shi. Wanda ya zo haya bai kalla ba tukuna, wanda ya dawo da kaset kuma sauri yake yi.

Wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar kaset murus. Shagon ya koma sayar da caja da murfin waya. Abin ya ci Farfesa a rai, na sani, don nakan gan shi yana goge tsofaffin kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya alhali ba mai tambayar su. Ana nan sai ga sanarwa: gidan rediyon da ke bayan tasha yana neman wanda zai riƙa sharhin tsofaffin finafinai duk Asabar da hantsi. Kai tsaye za a gwada mutum, in ya yi, kujera ta zama tasa.

Kafin a kira shi ma ya riga ya ba kansa aikin. Ya gaya wa layi, ya gaya wa surukansa, ya ce wa matarsa ta fara sabawa da zaman matar shahararre. Ya miƙa wa ƙanin matar makullin shago, wai sayar da caja ba sana'ar masu ilimi ba ce. Da aka turo masa sunayen finafinai ukun da za a tattauna, na ja shi gefe na ce ya kawo injinsa in duba, mu zauna mu kalle su tare. Ya dube ni ta saman tabarau.

“Kai da dalma da waya aka san ka. Bar wa masu ƙwaƙwalwa aikin ƙwaƙwalwa.”

Ranar Asabar ni na kai shi a babur. Ya sha farar kwat, farin wando, farin takalmi, har da jan fure na roba a aljihun gaba. Aka zaunar da ni a bayan gilashi kusa da mai kula da na'ura. Mai gabatarwa, wata mace mai sanyin murya da ba ta ɓarnar magana, ta sa masa abin ji a kunne, jar fitila ta kama.

Ta fara da fim ɗin nan na kimiyya da kowa ya haddace a zamaninsa. Farfesa ya gyara murya ya ce jama'a sun yi wa fim ɗin mummunar fahimta, ai fim ne a kan kiwo. Wani dattijo ne saniyarsa ta ɓace, ya fita da tocila yana nema a gona, darasin kuma shi ne mutum ya riƙa ɗaure dabbarsa. Ya yabi saniyar sosai, ya ce a duk 'yan wasan babu wanda ya kai ta natsuwa.

Waya ta yi ƙara. Wani direba ne, tsohon mai haya a shagonsa. Cikin ladabi ya ce ai jirgin wasu halittu ne daga wata duniya ya zuƙe saniyar, daga baya ya zuƙe dattijon, sannan aka kwashe awa biyu ana yaƙi da wasu mutanen ƙarfe masu ido ɗaya har rabin birni ya ƙone.

“Naka kwafi ne,” in ji Farfesa. “Nawa na asali ne. Masu kwafa su suke cusa irin waɗannan abubuwan don su ja kasuwa.”

“Ai a shagonka na karɓa, Farfesa.”

“To a hanya aka canja maka.”

Mai na'ura ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Mai gabatarwa ta wuce zuwa na biyu, fim ɗin barkwanci na 'yan ƙwallo. Nan Farfesa ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce duk wanda ya kira wannan fim barkwanci ba shi da imani. An buɗe shi ne da rasuwar tsohon kocin ƙungiya, 'yan wasa sun kewaye shi suna kuka, shi kansa kwana uku ya yi bai iya cin abinci ba bayan ya kalla. Ya shawarci masu hawan jini su nisance shi.

Wata mata ta bugo, tana magana dariya tana shaƙe ta. Ta ce kocin bai mutu ba, suma ya yi da aka ci su sha ɗaya da nema, kuma a minti na shida ya farka ya bi su da tsintsiya har titi. Ta tuna masa mai tsaron ragar da yake rufe ido in an bugo ƙwallo, da ɗan wasan da ya ci gidansu sau biyu yana murna. Farfesa ya ce mata ta ji tsoron Allah, ana maganar rasuwa tana dariya. Ta ce ai mamacin ne ya ɗaga kofi a ƙarshe.

A nan mai hankali zai ce maƙogwaronsa ya bushe, ya nemi hanyar gida. Gogan naka kuwa sai ya ƙara gyara zama, don na ukun shi ne abin alfaharinsa, fim ɗin harbe-harbe da tseren motoci. Ya ce wannan fim shi ya gina shi. Jarumin, mutumin nan mai farar kwat da jan fure, wanda aka nuna tun farko yana raba wa marayu kyauta yana shafa kansu, shi ne madubinsa a rayuwa. Ko tafiya a wurinsa ya koya. Ya ba masu sauraro haƙuri da rediyo ba ya nuna hoto, da sun ga shigar da ya yi yau don girmama shi.

Layi huɗu suka kama lokaci guda. Mai gabatarwa ta ɗauki ɗaya, sai ga muryar surukinsa, uban matarsa, dattijon da ba ya son hayaniya.

“Ɗana, mai farar kwat ɗin nan ba shi ne ya dasa bam a gadar jirgin ƙasa ba?”

“Baba, ina jin kun haɗa shi da wani ne.”

“Shi ne. Sau uku jikokina suka sa ni kallonsa. A ƙarƙashin gidan marayun yake ɓoye makamai. A ƙarshe daga jirgin sama aka jeho shi, ya faɗa tankin kwalta. Ashe mai koyi da wannan na ba 'yata.”

Mai gabatarwa ta dubi kwat ɗin, ta dubi furen, ta ce za a tafi talla.

A hanyar gida ya zare furen ya jefa shi a kwata. Gaskiya na tausaya masa, don na san yadda ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Amma kafin mu kai layi sai manajan gidan rediyon ya kira shi. Wai wayoyinsu ba su taɓa ɗaukar zafi irin na yau ba, ya dawo Asabar mai zuwa, ga sunayen wasu finafinai uku. In ya maimaita abin da ya yi, kujera tasa ce.

Ni na gane abin da manaja yake nufi. Kai ma ka gane. Farfesa kaɗai ya fahimci cewa an hango zurfin iliminsa, 'yan kurakurai ne kawai suka rage a gyara. Washegari sai ga shi da injin bidiyo a hammata, wai in duba masa, ba don komai ba, yana so ne ya sake kallo. Na canja bel, na goge kan injin, ya shige bayan shagona ya zauna tsakanin matattun talabijin, kwana shida yana kallo da littafi da biro. Ranar farko ya leƙo yana mamaki, wai ashe finafinan nan tsawo gare su. Na buɗe baki zan ce masa ya bari, sai na tuna ni da dalma da waya aka san ni, na ci gaba da aikina.

Asabar ta biyu ya shiga da riga ruwan toka, ya buɗe littafi. Ya faɗi wanda ya fito, da abin da ya faru, da wanda ya mutu, da mintin da ya mutu. Komai daidai, ko kuskure ɗaya babu. Minti arba'in yana karatu. Sau ɗaya waya ta yi ƙara, shi ma wani ne yake tambaya ina mutumin makon jiya. Mai na'ura ya yi barci har da minshari.

Muna fitowa muka tarar da manaja a baranda, fuska a murtuke.

“Wa ya ce ka kalla?”

Manaja ya ce masu sharhi na gaskiya sun cika gari, ko takalmi ya jefa ta taga sai ya faɗa kan guda. Abin da babu shi ne ƙaton mutum mai tabarau da zai dafa ƙirji a kan fim ɗin da bai gani ba. Wannan suke so, shi kuma ya je ya ɓata musu kaya.

Sai a lokacin kan gogan ya waye. Ga kujera tana suɓucewa, ga shago a hannun ƙanin mata, ga suruki yana jira. Ya shiga rantsuwa cewa bai kalla ba, ko minti biyar ɗin ma bai cika ba, duk abin da ya faɗa yau dace ne kawai. Ya nuna ni ya ce a tambaye ni. Ni kuwa na sunkuya ina ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Ya roƙi a ƙara masa Asabar ɗaya tak, ya yi alkawarin zai zo da jahilci sabo fil.

Manaja ya yi kamar zai sauko. Sai ya juya wurin mai na'ura, wanda ya fito yana miƙa, ya ce masa shi dai a na ukun finafinan yau ɗin nan har yanzu yana jin haushin yadda aka bar direban ya tsere da jakar.

Na ga Farfesa ya cije leɓe. Na ga gumi ya keto masa. Ya daure na daƙiƙa uku, wanda a wurinsa ba ƙaramin jihadi ba ne.

“Ba direban ba ne, ranka ya daɗe. Matar likitan ce. Ai an nuna ta da jakar bayan an gama rubutun sunayen ƙarshen fim.”

Manaja ya buɗe masa ƙofar fita da hannunsa.

“Har bayan sunaye ka zauna,” ya ce. “Kai kam ka gama lalacewa.”