Yaƙin Baƙin Allo da Faɗuwar Ilu Mai Makulli

Cika baki ciwo ne, maganinsa taron jama'a. Wannan tarihin Ilu ne ɗan Barau jikan Tanko, gwarzon ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu, bijimin ma'adana, giwa mai tafiya da makullai tara a ƙugu, wanda shekara huɗu yana shelar cewa fayil ɗin sauya wa malamai wurin aiki ba mai taɓa shi a kwamfuta sai shi. Wanda duk ke tsoron a jefa shi ƙauyen da mota ba ta shiga, ƙofar Ilu yake kai gaisuwa. Wanda Allah ya tsare kuma, Ilu ya karɓe godiyar.

Rannan Malam Mudi, da ya yi gaisuwa amma aka tura shi bayan kogi, ya tsaya a tsakar ofis ya ce shi fa yana shakkar ikon nan. Ilu ya ji abin har ƙashi. Ya naɗe hannun riga, ya tara rundunar malamai, ya tunkari baƙin allon kwamfutar nan da ba ya jin lallashi sai umarni a rubuce, ya zare yatsa guda kamar takobi, ya shiga farautar haruffan da aka koya masa a wata bita, gumi na zuba, hula ta karkace.

"Yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi!" in ji shi, ya danna.

Allo ya jero wanda ke da izini da wanda ba shi da shi. Don ƙarin izza, Ilu ya umarci Mudi ya karanta da ƙarfi. Mudi ya karanta a tsanake: mai fayil, mai ikon gogewa da rubutawa, Asabe ce mai buga takardu, wadda ke zaune a lungu tana ɓare gyaɗa. Sauran ma'aikata, har da Ilu, izinin kallo kawai aka ba su.

"Ranka ya daɗe, ashe sahunmu ɗaya," in ji Mudi.

Asabe ta ce ita ba wanda ya taɓa tambayar ta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kafin la'asar Ilu ya rasa ragon layya na gaisuwa da aka riga aka ɗaure masa, da zabi shida, da kujerar ƙarƙashin fanka. Mai shayin bakin ofis ma ya koma kiransa Ilu kawai.