Ranar da Nomau Ya Jira Inna Ta Manta da Shi

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wata tsohuwa, Inna Dije, Allah ya ba ta 'ya'ya uku. Babbar, Uwani, tana aure can Agadas, shekara tara rabonta da gida. Sai Nomau, wanda in ka ce ya tsaya nan, nan za ka same shi gobe. Sai auta Hambali, mai wayar hoto, wanda duk biki shi ake nema. Abin nan na ci wa Nomau rai. Ko yabon Hambali aka yi a gabansa, sai tuwo ya fita kansa.

Wata rana Uwani ta aiko tana son hoton Inna. Nomau na zaune a gaban Inna, amma ta ce a kira mata auta. Nomau ya ƙudurta hoton da shi ya ɗauka za a aika. Ya ari wayar matarsa ya tafi wurin Baba Ilu, tsohon mai hoton kasuwa, don ya koya masa. Baba Ilu ya ce da farko dai rana ta zama a bayansa. To gidansu yamma yake, ga la'asar ta yi. Nomau ya juya, ya taho da baya da baya, har ya zauna cikin kwaɓin ƙasar maginan masallaci. Da aka ciro shi, tambayarsa ɗaya: ko Hambali ya gani?

Wata rana Baba Ilu ya ce ya riƙa matsawa kusa har abin ya cika hoton. Nomau ya gwada a kan ragon maƙwabci. Ya matsa, ya ƙara matsawa, rago ya ja baya, Nomau ya ɗauka kunya ce. Kwana biyu yana jinyar goshi. A wayar aka sami hancin rago ɗaya, ya cika hoton tam.

Hambali dai ya riga ya ɗauki nasa. Ya sa Inna ta ɗaura sabuwar atamfa, ta zauna ƙiƙam, sannan ya goge hoton har babu tamoji ko ɗaya a fuskarta. Mata suka yi ta yabawa. Nomau ya leƙa ya ce ai ko kujerar ma ba ta yi kyau ba.

Wata rana Baba Ilu ya ba shi darasi na ƙarshe: kada ya ɗauki mutum sai mutumin ya manta da shi. Nomau ya shiga ɗakin Inna bayan azahar, ya tsuguna bayan randa, waya a hannu. Inna na jan carbi. Can ta ce ko ya ci abinci? Nomau ya yi tsaki, ya ci gaba da jira. Ta ce ƙasan da sanyi, ya hau tabarma. Haka suka yi kwana uku.

Ran na huɗu ya gaji, ya ce, "Inna, wai yaushe za ki manta da ni?"

"In manta da kai? Kwana biyu na yi ina naƙudarka, ɗan nan."

Da ya faɗa mata dalili, dariya ta kama ta har ɗankwali ya zame, giɓinta ya fito, hawaye na zuba. Nomau ya zabura zai riƙe ta, babban yatsansa ya danne wayar, hoto ya ɗauku.

Duka biyun aka aika. Uwani ta ce na farkon ba ta san matar ba. Na biyun kuwa ta ce wannan ce Innarta, ashe har ta tsufa haka, in Allah ya yarda da ita za a yi Sallah a gida.

Hambali ya zo a sanyaye yana tambayar Yaya yadda aka yi. Nomau ya gyara zama, ya ce ya je bayan randa ya jira Inna ta manta da shi.

"Ni na yi kwana uku ta kasa," in ji shi. "Kai dai gwada naka mu gani."