Jawabin da Ya Daskarar Min da Inji

Jama'a, yau da safe a baro na tura injin niƙana zuwa wurin bakanike. Maƙwabcina mai faci ya ɗago kai ya ce, "Malam, rasuwa aka yi?" Na ce an yi, kuma manya ne suka halarta.

Tun da dizal ya fi ƙarfin talaka na koya wa injin nan shan man suya. Masu tuya su ba ni wanda ya yi baƙi, in tace da tsohuwar riga, in ɗura. Sharaɗinsa ɗaya ne: da ɗan dizal ake tayar da shi, da shi kuma ake kashe shi. In ka kashe shi da man suya a ciki har ya huce, to ka jawo wa kanka, man zai daskare a bututu kamar kitse. Da injin nan nake ciyar da gidana.

Ban san wane mai tsurku ya kai labari ofis ba. Jiya sai ga motoci reras, kowace tana zuƙar dizal ɗin da zai ishe ni wata guda. Wai Mai Girma Uban Yanke Ƙyalle ne ya zo ƙaddamar da sabon shirinsa na makamashi. Shirin dai injina ne, an ɗaura masa ƙyalle.

Na tayar, na juya shi kan man suya, yana ta ruri gwanin sha'awa. Sai mai riƙe wa Mai Girma jaka ya matso. "Kai, kashe abin nan, ba a jin jawabi!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in mayar da shi kan dizal tukuna."

"Dizal? A gaban 'yan jarida? So kake ka kunyata shirin?" Ya sa hannu ya kashe da kansa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma numfashi! Ya gode wa na sama da shi, ya gode wa matarsa, ya yi alkawarin tura kwamiti ƙasar waje su koyo abin da ke gabansa. Ni kuwa ina tsaye ina taɓa injin, ina jin yana sanyi, raina na ƙuna. Da aka watse na yi ta juya hannun tayar da injin har kafaɗata ta ƙage, ko tari bai yi ba. Matan da suka kawo niƙa suka ɗauke kwanukansu suka nufi wani layin.

A gida matata ta ce, "Baban yara, to me suka ba ka?"

Na nuna mata hula mai hoton Mai Girma.

"Madalla. Gobe sai ka yi niƙan da ita."

Bakanike ya ce sai na samo galan guda na dizal a wanke cikin injin. Daga layin gidan mai nake rubuta muku wannan. Amma kada a yi wa Mai Girma ƙazafi, shirinsa ya yi aiki. Injina ya daina shan dizal ko ɗigo, yanzu wanka yake yi da shi.