Rasuwar Silifa, Mai Warin Gahawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yan tambayoyi, Injiniya Haisam Dabbas na garin Salt yana sanar da rasuwar furensa na okid, wadda gida ke kira Silifa saboda leɓenta mai kamar takalmi. Ta rasu ranar Talata a kan tagar falo, tana da shekara tara.

Marigayiyar 'yar dangi ce. Uwarta daga duwatsun Biyetnam, ubanta daga dajin Borniyo, an haɗa su a Holan inda Injiniya ya yi karatu, kuma takardar asalinta tana nan. Ba ta zama a ƙasa sai a ɓawon itace, ba ta shan ruwan famfo sai na sama. Fure ɗaya take yi a shekara. Ba a taɓa jin muryarta ba, sai ɗis-ɗis na ruwa daga gindin tukunya.

Ciwon ya fara bayan ƙaramar Sallah. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Da Injiniya ya zazzage tukunyar, ya tarar da garin gahawa cunkus.

Kowa ya san a gidan nan ba a mayar wa mahaifiyarsa, Hajja Ummu Haisam, kofi da saura. Kowa kuma ya san yadda gahawarta ta koma tun da ta daina jin ɗanɗano. Kujera uku ce kusa da tagar.

Kawu Fawwaz ya ce, "Ɗan nan, ni da na sha gahawar soja shekara ashirin? Tambayi ƙanwarka." Rula ta ce, "Yaya, ciyawarka ce ba ta da ƙwari." Maƙwabci Abu Lais, wanda ba a tambaye shi komai ba, ya aiko da tiren baƙlawa, kayan zaƙin garin nan.

Hajja ta ce, "Mugun ido ne. Baƙina ma har ƙari suke karɓa." Injiniya bai gyara mata ba.

Marigayiyar ta bar toho ɗaya mai ganye biyu, wanda zai gaji tagar, don nan kaɗai hasken ya dace da shi.

Za a binne ta gobe bayan la'asar, a gindin zaitun na bayan gida. Zaman makoki kwana uku a falo. An kwashe duk tukwane, an naɗe darduma, an kulle tagar. Hajja ce za ta dafa gahawa, Injiniya ne zai zuba, kuma zai tsaya a gaban kowa har ya ga gindin kofi.